Waken da na saya a tiya

Har yau in na bi ta layin masu hatsi a kasuwar Kumo sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji. A nan na auni tiya shida ta wake a daminar 2023, na kai gonata ta hanyar Pindiga na shuka, na koma gida ina lissafin buhuna.

Abin da ya ja ni, a 2022 na gwada SAMPEA 20-T, waken nan na GMO, watau wanda masana suka sauya wa ƙwayoyin halitta don ya kare kansa daga tsutsa, da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta fitar a ƙarshen 2019. Leda biyu kacal na samu, a rufe, da tambari. Feshi biyu na yi saboda darɓa da ƙwarin da ke tsotsar kwanso, don su kam ba ya hana su. Amma tsutsar nan mai cin fure ta huda kwanso, wadda muke bi da feshi shida har takwas, kullum famfo a baya, ban ga ɓarnarta ba. Da aka yi roro sai hidimar biki ta taso, na sayar da kusan duka, aka cinye sauran a gida. Ko gwangwani ɗaya ban ware na iri ba.

Da Yuli ta kama na shiga neman leda, shago shago, babu. Ina cikin yawo wani mai awo ya kira ni.

"Alhaji, mai T kake nema? Ga shi nan. Daga gonar wanda ya shuka bara na saro shi."

Na ɗebi tafi guda na duba. Fari ne, girman ɗaya, hancin ɗaya. Kuma maganarsa tana da kan gado, shi ya sa na faɗa: wake furensa shi ke yi wa kansa barbara, in ka ajiye iri mai kyau zai haifi irinsa, ba kamar masarar TELA da aka fitar a 2024 ba, wadda aure ce, sai ka sayi sabuwa duk shekara. Ga araha. Na biya ban nemi ko takarda ba.

Da fure ya fito a Satumba, Baffa ya leƙo gonar ya ce, "Ɗana, ba za ka yi feshi ba?" Na yi dariya na ce wannan ba irin naku ba ne, Baffa. Wallahi wannan dariyar ta fi asarar yi min ciwo. Mako biyu bayan haka na tsinci fure zube a cikin kwarin kunya. Na ɓare kwanso ɗaya, ga 'yar huda, ga kashin tsutsa kamar garin zarto, ga yana ta manne kwanso da ganye, ita kuma tana kwance a ciki ta ƙoshi. Na ɓare goma, bakwai haka. Na ruga na sayo magani, amma tsutsar da ta riga ta shige kwanso feshi ba ya iske ta. Inda na sa ran buhu goma, uku na ɗaure, sai harawa.

Na je wurin wani malamin gona da zafina, ina cewa irin gwamnati ya cuce ni. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Malam, ina ledar?" Babu. "Rasit fa?" Babu. Ya ce hukumar NBMA mai sa ido a kan harkar GMO, da aka kafa a 2015, ita ce ta tantance waken ta ba da izini, hukumar iri ta ƙasa kuma ita ke sa ido a kan kamfanonin da ke ninka shi su zuba a leda da tambari. Duk wannan tsaron a bakin leda ya tsaya. Da ido babu mai bambance mai T da waken gida, sai an gwada. Watau ni ban ma da hujjar cewa abin da na shuka GMO ne, balle in kai ƙarar wani.

Shi ya sa da na ji a rediyo a 2024 cewa Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da shigo da GMO har a yi bincike, majalisarmu ta ƙofar gida ta kaure da musu, wannan ya ce guba ne, wancan ya ce ci gaba ne, ni ban sa baki ba. A yi binciken, ba na ja. Amma wanda ke gudun GMO da wanda ke nemansa, duk a gaban tiya ɗaya suke tsayawa, kuma babu wanda ya san abin da aka auna masa. Ni ina nema aka ba ni wanda ba shi ba. Wani yana gudu, wa ya san abin da ya kai gida?

Bara tun watan Mayu na biya kuɗin leda wurin dila mai rajista, na karɓi rasit. Da na gama shuka na naɗe ledar na sa a akwati tare da takardun gona. Baffa ya gani ya ce ko ita ma shuka ta zan yi.