Daga buji zuwa fulogi

Daga Birnin Konni zuwa Illela ɗan taƙi ne, daga nan zuwa Sakkwato ba a cika awa biyu a mota. Shi ya sa da na tsallako a 2022 ban ɗauka na zo wata ƙasa ba. Hausar ɗaya, tuwon ɗaya, kabu-kabu ma sunansa ke nan a can da nan.

A garejin da ɗan'uwan innata ya kai ni, wajen unguwar Mabera a Sakkwato, na gane kuskurena. Na ce a miƙo mini kile in kwance buji. Maigidan ya ɗago kai ya ce, "Mi kac ce, ɗan Nijar?" Yara suka fashe da dariya. Ashe a nan sifana ce da fulogi, esansi kuma fetur. Kuɗi ma sai na juya naira zuwa sefa a raina kafin in san ko an cuce ni. Wata guda ina wankin kayan babur cikin fetur, ba a bari in taɓa inji.

Sai wani dattijo ya turo tsohuwar Honda CG 125 da ta shekara biyar a zaure. Kana taka kik ya tafi salalam, babu ƙarfin iska ko kaɗan. Yaran suka ce a sayi fistin da ringi sababbi. Dattijo ya ce ba shi da hali.

Na ce, "Maigida, a ba ni kwana uku."

Ringi uku ne a jikin fistin ɗin, biyu na riƙe iska, ɗaya na share mai. In babur ya daɗe a ajiye, tsohon baƙin mai da ƙunar hayaƙi sukan daskare cikin ramin da ringin ke kwance, su liƙe shi, ya kasa buɗewa ya kama bangon silinda. Na cire fulogi, na tsiyaya kananzir haɗe da man gas ta ramin fulogin, na rufe. Safe da yamma in sa giya in ɗan motsa tayar baya, gaba kaɗan, baya kaɗan. Ringin sama ya saki, na biyu ya ƙi. Dole na sauke kan injin na zare silinda, na jiƙa fistin kwana guda, ina ɗan ƙwanƙwasa ringin da guntun itace. Sukudireba dai haramun ne a wurin, domin ringi ƙarfen zubi ne, ba ya lanƙwasa, karyewa yake kamar ƙuli-ƙuli. Da ya fita na kankare ramin da karyayyen tsohon ringi, na mayar, na raba bakunansu kada su haɗu a layi ɗaya, na zubar da man na zuba sabo.

Ta tashi a taku na huɗu, da hayaƙin da ya kori masu shayi.

Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, watanni ban ga innata ba, ga gida kusa. Maigida ne ya riƙa aiko mini da tuwon dare daga gidansa. Har yau in tsohon babur ya shigo yakan ce, "Ku kira mini Buji." Sunan ya bi ni har masallaci.