Kafin ka ɗaura waya a batirin jirgi

Shekaranjiya a bakin Kogin Kaduna na tarar da ɗan maƙwabcina yana murɗa wayar fitila kai tsaye a kan batir. Na ce, "Kai yaro, ina fiyus?" Ko ɗagowa bai yi ba: "Baba, a haka ma tana kamawa."

Tana kamawa mana. Tawa ma ta kama.

Da na ɗora wa kwale-kwalena fitila da ɗan famfon kwashe ruwa, siririyar waya na yanko, na bi da ita ƙarƙashin katakon zama. Na sa fiyus fa, kar a ce ban sa ba. Da ya dame ni da ƙonewa sai na naɗe shi da takardar sigari mai ƙyalli, yadda na ga ana yi wa tsofaffin motoci. A lokacin kuɗin zuwa Panteka, kasuwar kayan gyara ta Kaduna, ma aiki ne, kuma wa zai koya maka? Amma tsakani da Allah, na san fiyus ba ya ƙonewa haka kawai. Ashe katako ne ke cin robar wayar. Wata magariba cikin Agusta, kogi ya cika, na ji warin roba, na duba, waya ta yi ja zur dab da jarkar fetur. Da hannu na fizge ta, tabon na nan a tafina.

Batir mai bolt 12 ba ya jan mutum, shi ya sa muke raina shi, alhali in jar waya da baƙar waya suka haɗu ɗaruruwan amp yake turowa.

Waya fiyus yake karewa, don haka ya zauna kan jar waya, kada ya wuce taƙi ɗaya daga batir. Fitila mai wat 60 amp 5 take ja. Ba ta fiyus mai amp 7.5 da waya mai kauri, famfo ma da nasa daban. Jirgin katako ba shi da bodin ƙarfe irin na mota da ke mayar da wuta batir, dole baƙar waya ta komo batir. Mahaɗar wayoyi kuma ta hau sama, inda ruwa ba ya kwanciya.

Kada ka taɓa ɗaure fiyus. To, in dare ya ritsa da kai a tsakiyar ruwa, famfo ya tsaya, haɗa ka kai gaɓa, hannunka na kan wayar. Amma ku yaran yanzu, in an ce sau ɗaya sai ku mai da shi sana'a. Kuɗin data ba ya gagarar ku, fiyus na ko-ta-kwana ne ba kwa iya saye.