Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Azumi biyu a gida ɗaya

Makon jiya na tsaya a inda na kama hayar ɗaki a Stamford Hill, arewacin Landan, gidan wata tsohuwar Bayahudiya da nake kira Iya. Daga nan maganar Yaya Babba ta samo asali. Shi ya bi dangi gida-gida wai na tare wurin Yahudawa ina cin yankansu, saura kaɗan in bar salla. Yankansu kam na ci, don a lokacin naman halal sai an tona, kuma aya ta 5 a Suratul Ma'ida, wadda ta halatta abincin Ma'abota Littafi, ba ni na rubuta ta ba. Da maganar ta kai kunnen Baba, Allah ya jiƙansa, cewa kawai ya yi, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Azumin 1973 nake son faɗi. Ranar Juma'a da la'asar Iya ta ƙwanƙwasa min ƙofa, wai in yafe mata. Watanni kafin nan na dafa madara a tukunyarta ta nama, ta yi min tatas, domin su ba sa haɗa nama da madara, kowanne da tukwanensa da cokulansa. Ta ce da faɗuwar rana Yom Kippur zai shiga, ranar neman gafara, 10 ga watansu na Tishri, kuma a koyarwarsu azumin ba ya wanke haƙƙin mutum sai ka je ka roƙe shi da bakinka. Mace mai jika ta tsaya tana roƙon ɗan haya! Yaya, har ya koma ga Allah a 2004, bai taɓa ce min "yi haƙuri" ba.

Azumin nasu awa 25 ne, ba ci ba sha, ba wanka, ba takalmin fata. Da takalmin yadi ta tafi wurin ibadarsu. Ta gaya min da yamma littafin Annabi Yunusa suke karantawa. Na ce mai kifi? Ai mu ma muna da surarsa. Ta yi dariya.

Asabar ɗin ce 6 ga Oktoba, mu kuma muna 10 ga Ramadan. Da rana na kunna rediyo ƙasa-ƙasa, sai ga labari: Masar da Siriya sun auka wa Isra'ila, sojojin Masar suna tsallake mashigin Suwez. Ba zan ɓoye ba, zuciyata tana tare da Masar. Amma na san ɗan ƙanwar Iya yana can Isra'ila, ita kuwa ranar ba ta taɓa rediyo ko makunnin fitila.

Na sha ruwa da magariba ni kaɗai. Ita sai da taurari suka fito, aka busa ƙahon ragon da suke kira shofar, sannan ta dawo. Ina ganin fuskarta na san labari ya riga ni. Ta zuba shayi kofi biyu, ta yanka kek, ta turo min. Ba wanda ya ambaci yaƙi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ji Baba, kuma daren nan ɗakin namu ne mu biyu.

Kwana biyar bayan haka bikinsu na Sukkot ya kama, maƙwabta suka kafa rumfuna a bayan gida, rufin ganye, suna ci a ciki kwana bakwai don tuna shekara 40 da Banu Isra'ila suka yi a sahara. Har da ni a ɗaukar katako. Hoton da aka ɗauke ni a rumfar shi na yi wautar aikawa gida, ya faɗa hannun Yaya.