Laraba: dutsen guga a kan tabarma

Yau da murna na tashi. Tun kafin kiran assalatu aka kawo wuta, bayan kwana uku rabonmu da ita, ga hunturu ya sauka sosai. Na jona hita a bokiti, na sa wayoyi a caji, na shimfiɗa bargo a kan tabarma na hau gugar kayan makarantar Ummi. Ban gama hijabin ba aka ɗauke. Na ce to Allah ya amfana, na jingine dutsen nan ƙasa, na tafi dama koko.

Ban kashe soket ba. Abin da ke cina ke nan har yanzu.

Wajen ƙarfe goma ina tsakar gida ina wanke-wanke, ashe an dawo da ita. Ba ƙwan lantarki a kunne, fanka kuwa wa zai kunna cikin wannan sanyi? Ihun Auta kawai na ji. Ko da na faɗa ɗaki, yana zaune gaban dutsen, ya ɗaga hannun dama yana karkarwa. Yatsu biyu sun yi jajir.

Goggo ta riga ni ɗaukarsa. "Ke 'yar nan, kawo makilin, ko manja, yi maza!"

Na ce, "Goggo ku yi haƙuri, ruwa zan zuba mishi."

"Ruwa a ƙuna? Ai sai ya ɗuri ruwa. Mu da muka raini 'ya'ya tara?"

Wallahi ban taɓa musu da ita ba sai yau. Amma maganar malamar asibiti ranar rigakafi tana nan a kunnena: ruwa mai sanyi, a yi ta zubawa har minti 20, ban da ƙanƙara, ban da makilin, ban da manja da ɗanyen ƙwai, don suna riƙe zafin ne a ciki, su kuma jawo wa ciwon datti. Famfonmu ba ruwa, sai na dinga cika buta daga randa ina tsiyayawa. Goggo na riƙe da shi, fuska a murtuke, amma ba ta janye hannun ba. Buta ta shida ya yi shiru, sai ajiyar zuciya.

Da ya yi barci a cinyarta ne ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Mu dutsen gawayi muka sani. Yaro zai ga garwashi, zai ji hucin, tun daga nesa ya ja baya. Wannan wutar taku ba harshe ba hayaki. Mi zai gani ya ji tsoro?"

Na rasa amsa. Gaskiya ta faɗa. Dutsen da ya saba ja da igiya yana wasan mota, shi ne dai yau, kamanninsa ba su canza ba. Sai a lokacin na tuna da hitar. Na ruga bayi, na tarar ruwan na tafarfasa, bokitin a ƙasa, ƙofa a buɗe. Da can ya rarrafa fa? Na kashe, na zare, na zauna bakin ƙofar na yi kuka ni kaɗai.

Abincin rana bai yiwu ba. Garau-garau na aika aka sayo.

Baban Ummi ya dawo daga Ƙofar Ƙaura bayan magariba. Ya duba hannun, yatsa ɗaya ya ɗan tashi, muka bar shi ba mu fasa ba, gobe da safe za mu kai a duba. Bai yi mini faɗa ba, ni kuwa da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce ranar Asabar zai kira mai gyaran wuta ya ɗaga soket ɗin nan na ƙasa zuwa inda hannun yaro ba ya kai.

Ummi ta tambaya ko gobe za ta sa hijabin da ba a goge ba. Na ce eh.

Yanzu sha ɗaya ta wuce, an sake ɗaukewa. Na bi ɗaki-ɗaki da fitilar waya, na kashe kowane soket. Dutsen da hitar suna saman wadirof. Sau biyu ina tashi in taɓa su.