Godiya Ga Mutanen Unguwarmu Bayan Kammala Darasin Lissafi Na Hutu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhamdu lillahi, ranar Asabar ɗin nan da ta wuce muka rufe darasin lissafi da muka shafe mako 6 muna yi wa yaranmu na aji 2 da masu shiga aji 3 na ƙaramar sakandare a nan Katsina. Na yi godiya da baki a wurin rufewa, amma mutane da yawa da suka ɗauki nauyin abin ba su samu zuwa ba, shi ya sa na ga ya dace in rubuta.

Zan fara da shugaban Islamiyyar unguwa da ya ba mu ɗaki da allo da benci kyauta. Ruwan Agusta ya ba mu wahala, rufin na zuba ta wuri biyu, har akwai ranar da muka tattara yara 40 da 'yan kai a kusurwa ɗaya suna rungume da littattafansu. Washegari samarin unguwa suka hau suka canja kwano ba tare da kowa ya roƙe su ba. Allah Ya yi muku albarka.

Makon farko bai yi mini daɗi ba, kuma laifin nawa ne. Na shiga na rubuta 2x + 300 = 1,500 a allo, na yi ta bayani da Turanci yadda na saba a aji, yara suka yi tsit. Har na ɗaga wa wani yaro murya, abin da nake neman gafararsa da ta iyayensa a kai. Da daddare na kasa barci, domin waɗannan yaran su ne kullum ake aika kasuwa, kuma ba a taɓa cutarsu a canji. Da safe sai na ce da su: “Inna ta ba ki naira 1,500, kin sayo sabulu 2 iri ɗaya, an ba ki canjin 300. Nawa ne kowanne?” Kafin in rufe baki wata yarinya daga bencin baya ta ce 600. Na ce mata ai kin gama aikin da ke kan allo tun jiya, x ɗin nan kuɗin sabulu ne. Fuskarta a lokacin ba zan manta da ita ba.

Daga nan ne mutanen unguwa suka shigo cikin koyarwar. Alhajin da ke sayar da ƙusa da kayan gini ya ara mana sikelinsa mai faranti biyu har tsawon mako guda, alhali da shi yake neman abinci. Da shi yara suka gane cewa alamar daidai tamkar tsakiyar sikeli ce: abin da ka cire a dama sai ka cire shi a hagu, in ba haka ba ya karkace. Bayan wannan ban ƙara jin wani ya ce lamba ta “tsallaka” ta canja alama ba tare da ya san dalili ba. Alhaji, mun gode.

Baba magini kuwa, ban san da wane baki zan gode masa ba. Dattijo ne da bai taɓa zama a ajin boko ba. Ya bar aikinsa da hantsi, ya zo da igiya da turaku 3 da tef, ya fitar da yaran fili. Ya auna ƙafa 3 ta nan, ƙafa 4 ta can, ya ce in tsakanin bakin biyun ya ba da ƙafa 5 cif, to kwanar ɗaki ta fita, in bai ba da ba a tuge turke a sake. Yara suka yi ta gwadawa a cikin laka. Da muka koma ɗaki na rubuta musu 3 sau 3 da 4 sau 4, wato 9 da 16, sun ba da 25, wato 5 sau 5, na ce wannan ita ce ƙa'idar Faitagoras da ke cikin littafinku, kusurwar da Baba ya fitar kuma digiri 90 ce. Wani yaro ya tambaya ko za ta yi da 6 da 8, muka koma fili, igiya ta nuna 10. Baba ya tsaya yana kallonsu yana murmushi, ya ce shekarunsa da yawa yana wannan aiki bai san yana da suna a littafi ba. Ni kuma ban taɓa koyar da ita ta zauna a kan yara kamar ranar ba.

Iyayenmu mata sun aiko da faifai da murfin tukunya da tire. Kowane yaro ya zagaya nasa da zare, ya auna, ya raba da faɗin tsakiya, ƙarami da babba duk suka ba da 3 da ɗan ɗoriya. Sai bayan sun gani da idonsu na ba su 22/7, adadin da ake amfani da shi a madadin 3 da ɗan ɗoriyar nan. Hajiyar da ta riƙa aiko mana da kunu da ƙosai duk Laraba, da telan da ya ba mu ragowar kwali muka yanka alwatika muka yage kusurwoyinta 3 muka jera suka ba da miƙaƙƙen layi na digiri 180, Allah Ya saka da alheri.

Godiya ta musamman ga Malam liman. Wasu iyaye sun ɗauka aljabara, wato lissafin da ake sa harafi irin x a madadin lamba, abu ne na Turawa kawai, sai ya zo da kansa ya gaya wa yara cewa sunan ma daga Larabci yake, al-jabr, daga littafin da Muhammad bin Musa al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma babban sashe na littafin a kan lissafin wasiyya da rabon gado yake. Ya kuma ambaci malaminmu na nan, Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya yi rubutu a kan jera lambobi cikin hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ranar yara sun ƙi tashi sai da suka jera 1 zuwa 9 a gidaje 9, kowane layi ya ba da 15.

Ɗalibai biyu na kwalejin ilimi da suka taya ni duba aikin gida ba tare da an biya su ko kuɗin mota ba, na gode ƙwarai, ƙannena.

Iyaye, aiki bai ƙare ba. Jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare da Turanci take zuwa, kuma har yanzu akwai yara kusan 10 da suke gane lissafin sarai in an faɗa da Hausa, amma tambayar Turanci na kayar da su. Da su za mu ci gaba duk Asabar bayan la'asar in an koma makaranta, in Allah Ya yarda. Akwatunan kayan lissafi 12 da wani bawan Allah ya saya mana, wanda ya hana a faɗi sunansa, suna wurin shugaban Islamiyya. Duk yaron da ba shi da kamfas ko rula ya je ya rubuta sunansa ya ara.

Allah Ya raya mana su, Ya ba su ilimi mai amfani. Amin.