Kukar girki ba ta shan wuta daga soket

Ranar Asabar na je duba gidan da ɗan ƙanwata zai tare da amaryarsa. A kicin na tarar da shi tsugune bayan ƙatuwar kukar lantarki mai kai huɗu da oven, cikin kayan ɗakin da iyayen yarinya suka kawo, yana ƙoƙarin ɗaura mata filogi irin na dutsen guga. Na ce ya tsaya. Ya ce, "Kawu, ai na gani a YouTube." Raina ya ɓaci, don kaina na gani a tsugune a wurin.

Ni ma haka na yi lokacin da na sayi kuka ta hannu. Mai wayarin ya ce sai an jawo mata waya mai kaurin murabba'in milimita 6 tun daga allon rarraba wuta, da burekarta ita kaɗai mai amfiya 32. Na ɗauka cuta ce. Kuma a gaskiya aljihuna a bushe yake, ga haihuwa ta matso, wutar ma ba kullum ake kawowa ba, wa zai zuba kuɗi a bango? Na sallame shi na sa filogi da hannuna. Fis ya dinga ƙonewa, sai na cire shi na cusa guntuwar wayar tagulla. Har alfahari na yi da wannan dabara.

Da Babbar Sallah maiɗakina ta kunna kai uku da oven tana suya. Warin roba ya fara tashi, muka zaci daga maƙwabta ne. Ko da na leƙa, soket ɗin ya narke yana ɗiga kamar kyandir, bango ya yi baƙi har sama, ɗiyarmu kuma tana rarrafe a ƙofar kicin. Har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi. Ban yi don mugunta ba, amma an gaya mini na ƙi ji.

To ku saurara, in kuna iya ajiye waya na minti ɗaya. Filogi mai amfiya 13 a wutarmu ta bolt 230 iyakarsa wajen wat 3,000. Kukar yaron nan an rubuta wat 9,200 a bayanta, wato amfiya 40 idan an kunna komai. Ku karanta wannan rubutun kafin ku taɓa komai. A ja mata layinta daban, a sa makunni mai amfiya 45 a gefe, ba saman murhu ba, inda hannu zai kai ba tare da ya ratsa wuta ba. A haɗa wayar ƙasa, don jikin kukar ƙarfe ne.

Ku ji maganar mai wayarin. Amma kada ku sakar masa, ku bi shi kasuwa, don akwai wayar da roba ce ta yi kauri, tagullar ciki siririya. Ko ma ku bar kukar lantarkin ku sayi gas, da wane inji za ku ɗauke ta in an ɗauke wuta?

Filogin dai na ƙwace, yana aljihuna. Mai wayarin zai zo ranar Litinin, ni zan biya.