Wasiƙa daga Jamus: Jam'iyyar 'Yan Fashin Teku

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina gaisuwa, ya iyali, ya hidimomi?

Kwanakin baya ina tafe a nan Berlin na ga wata tsohuwar sitika ruwan lemu a jikin falwaya, rana da ruwan sama sun cinye ta. Ta wata jam'iyya ce da ake kira Piraten, wato 'Yan Fashin Teku. Kada sunan ya firgita ku, ko kwalekwale ba su taɓa tarewa ba. Kamfanonin waƙa da fina-finai ne ke kiran masu kwafar kayansu a intanet da wannan suna, abin da 'yan fim ɗinmu na Kano ke kira satar fasaha. Sai samarin suka ce to mun ji, mun karɓa. A Suwidin aka fara, inda Rick Falkvinge ya kafa ta farko a watan Janairun 2006, Jamusawa suka bi sahu a watan Satumban shekarar.

Batun kwafar waƙa bai dame ni ba, don ina ganin mai fasaha ya cancanci ya ci guminsa. Abin da ya ja hankalina shi ne sauran buƙatunsu: gwamnati ta daina leƙen wayar talaka, ta kuma bar talaka ya leƙa takardunta. Wannan magana tana da nauyi a nan, domin mutanen tsohuwar Jamus ta Gabas sun rayu a ƙarƙashin 'yan sandan ciki na Stasi, inda maƙwabci ke kai rahoton maƙwabci, wani lokacin har miji da mata. Har yau mutum na iya neman a ba shi fayil ɗin da aka tara a kansa ya karanta. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

A 2009 Ursula von der Leyen, tana ministar harkokin iyali, ta kawo dokar toshe shafukan da ke ɗauke da hotunan lalata da yara. Ba wanda ya kare masu wannan ƙazanta. Amma matasan suka ce a goge shafukan daga tushe, domin ƙofar toshewa idan aka buɗe ta ba a san wa za ta rufe gobe ba. Mutum fiye da 130,000 suka sa hannu a takardar koke, daga baya aka soke dokar. Da na karanta wannan sai na tuna da rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, da katse layukan waya a Zamfara a 2021.

Zaɓen majalisar jihar Berlin na Satumban 2011 shi ne ranar sallarsu. Wata fastarsu cewa take, me ya sa ma aka rataye ni a nan, ai ba fita zaɓe za ku yi ba. Sai ga shi sun samu kashi 8.9 cikin ɗari da kujeru 15. Mutum 15 cif suka saka a jerin 'yan takararsu, don su kansu ba su yi zaton haka ba, duka kuwa suka shiga majalisa, mace ɗaya tak a ciki. A 2012 suka ƙara shiga majalisun jihohi uku.

Daga nan ne labarin ya yi tsami. Sun yi alkawarin ba za su ɓoye komai ba, kuma sun cika. Zaman 'yan majalisarsu a buɗe, kowa na kallo ta intanet. A lokacin suna da manhaja mai suna LiquidFeedback, inda ɗan jam'iyya ke jefa ƙuri'a kan kowane ƙuduri, ko ya damƙa ƙuri'arsa ga wanda ya fi shi sanin batun. Tsari ne mai kyau a takarda. Amma faɗan da sauran jam'iyyu ke yi a ɗaka su sasanta, su a tsakiyar kasuwa suke yi, shugabanni na zagin juna a Twitter, 'yan jarida na kwasa. Ga shi in an tambaye su batun fansho ko kuɗin Yuro, sai a ji ba su tsayar da magana ba tukuna. A zaɓen tarayya na 2013 kashi 2.2 suka samu, alhali sai da kashi 5 ake shiga majalisa. A 2016 Berlin ta sallame su. Kujerarsu ɗaya a Majalisar Turai, wadda Patrick Breyer ya yi amfani da ita wajen yaƙar shirin binciken saƙonnin waya, ita ma ta tafi a 2024.

Ni dai ban ɗauke su a matsayin waɗanda suka yi asara gaba ɗaya ba. Yau da wuya ka ga babbar jam'iyya a Jamus da ba ta da babin kare bayanan jama'a a manufofinta. Akwai kuma shafin FragDenStaat, ba na jam'iyyar ba ne, amma ruhi ɗaya ne: ka rubuta wa ma'aikata tambaya, amsar ta fito fili kowa ya gani.

Mu ma muna da dokar 'yancin samun bayanai tun 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. In akwai wanda ya taɓa gwada ta a cikinku, ina son jin yadda ta kaya.

A gaida mutanen gida.

Naku,
ɗan uwanku a Berlin